Ranar da Zabeirou Ya Tafa Shi Kaɗai

Malam Zabeirou bai taɓa shiga ɗakin kiɗan Turawa ba ko sau ɗaya, amma a Greensboro duk ɗan Nijar da ka tara da zancen irin wannan kiɗa, wurinsa zai tura ka. Mutumin Damagaram ne, direban tasi, shekararsa bakwai a garin lokacin da abin nan ya faru, cikin watan Afrilun 2006.

Asalin abin ba wani ilimi ba ne. Farkon zuwansa, in ya kunna rediyon mota, waƙoƙin da ke fitowa kan sa shi jin kunyar fasinja, balle da kunnensa ya fara buɗewa da Turanci ya soma gane abin da ake faɗa. Wata rana yana murɗe-murɗe sai ya faɗa kan wata tasha da ba a waƙa, daga goge sai sarewa sai fiyano, can ba can ba wani mutum ya yi magana a hankali kamar mai gudun ta da jariri. Ya bar ta a nan. Ba a yi sati ba ya lura fasinjojin filin jirgi, masu kwat da jaka, sun fara yi masa wani irin kallo ta madubi. Wani har ya tambaye shi a wace ƙasa ya yi karatu. Daga nan ya haddace sunayen masu kiɗan uku ko huɗu, ya koyi gyaɗa kai a daidai inda kiɗan ya yi sanyi. Abin da bai shirya masa ba shi ne, a hankali abin ya shiga ransa da gaske. Akwai ranar da ya sauke fasinja ya zauna cikin mota minti goma, don kawai ya ji yadda wani goge zai ƙare.

Da ya tsaya nan da ba abin da zai same shi. To amma akwai shagon Alhaji Salifou, inda 'yan Nijar ke taruwa shan shayi bayan sallar Juma'a. A nan ne wata rana abokinsa Younoussa, mai aiki a masana'antar kujeru, ya ce kiɗan motar Zabeirou kamar sauro dubu ne aka rufe cikin tulu.

Zabeirou ya ce, "A Pari, wanda ya yi wannan magana a ɗakin konser, inda ake irin kiɗan nan, waje za a yi da shi."

"Au, ka shiga konser a Pari?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai kurɓi shayinsa. Gaskiyar magana, zamansa a Faransa awa shida ne, a filin jirgi, bisa kujerar ƙarfe, rungume da jakarsa don kada a sace. Amma shirun nan nasa ya yi ta girma da kansa. Kafin shekara ta zagayo konser ɗin ya zama biyu, har ya ƙara masa fitilu masu lilo daga rufi. Suka laƙaba masa suna Mayestiro, wato shugaban makaɗa, shi kuwa yana amsawa.

A unguwar Glenwood yake zaune da matarsa Tchima da 'yarsu Ibtissam, cikin ƙaramin gidan katako. Gidan da ke jikin nasu ɗalibai ke haya, a cikinsu akwai wata yarinya Angelina, 'yar wani gari can ƙarshen Texas, mai karatun kiɗa a jami'ar da ke kusa. Abin kiɗanta celo ne, wato babban gogen nan da ake kafa shi a ƙasa a riƙe tsakanin gwiwoyi. Shekara biyu ke nan kullum da la'asar sai muryarsa ta shigo musu ta tagar kicin.

"Ga saniyar maƙwabta ta fara," in ji Tchima, tana yanka albasa.

Amma duk da haka, duk ranar da ta dafa dambu sai ta aika wa yarinyar. Angelina kuwa Mama take ce mata, kuma ita ke koya wa Ibtissam lissafi.

Wata Lahadi Angelina ta shigo da takarda a hannu. Ta ce ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai da rabi na yamma, za ta yi kiɗanta na kammala karatu a ƙaramin ɗakin taro na makarantarsu. Iyayenta ba za su samu zuwa ba, tafiyar da nisa, mahaifinta kuma ba ya jin daɗi. Tana dariya ta ce in ba a yi sa'a ba kujeru za ta yi wa kiɗa.

Tchima, wadda Turancinta bai wuce na sayayya ba, ta sa Ibtissam ta fassara mata. Ko juyowa ba ta yi ta dubi mijinta ba ta ce, "Gaya mata za mu zo, mu duka."

Zabeirou ya dafa ƙirji ya ce ai ko ba a gayyace shi ba shi mai zuwa ne.

Ran Talata da safe ya tafi Sedgefield ɗauko wani tsoho, Mista Whitlow, wanda yake kaiwa gashin ƙashi duk mako tun da aka yi masa aiki a gwiwa. Gidansa na kallon filin wasan golf, ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Da suka dawo, tsohon ya zaro ambulan daga aljihu ya miƙo masa ta tsakanin kujeru.

"Ƙafar nan ba za ta hau matakala ba," in ji shi da Turanci. "Ban san wanda ya fi ka dacewa da su ba."

Tikiti biyu ne, na babbar ƙungiyar makaɗan gari, masu goge da kakaki da ganguna sun fi mutum sittin, a babban ɗakin taro na tsakiyar gari. Layi na biyar daga gaba. Zabeirou ya yi godiya har ya ɓarke da Faransanci bai sani ba. Sai da ya hau titi, danja ta tsayar da shi, sannan ya duba rana. Asabar, ƙarfe bakwai na yamma.

Kwana uku ya yi yana shari'a da kansa, shi ne alƙali, shi ne lauya, kuma tun kafin a zauna ya san hukuncin da yake so. Ya ce wa kansa Mista Whitlow tsoho ne, mayar da kyautar tsoho rashin tarbiyya ne. Ya ce wa kansa kiɗan Angelina ai ya ji shi, shekara biyu yana jinsa ko yana so ko ba ya so. Har ya kai ga cewa yawan idon sani na iya rikita yarinya, saboda haka rashin zuwansa taimako ne. Wannan ta ƙarshen, shi kansa sai da ya yi dariya a cikin mota. Abin da bai yarda ya faɗa ko a zuci ba shi ne, yana so sau ɗaya a rayuwarsa ya ga abin da ya daɗe yana ba da labarinsa.

Ran Alhamis bayan cin abinci ya ajiye ambulan gaban Tchima ya yi mata bayani. Ta saurara har ya gama, tana goge faranti.

"To, Malam, kai da ka ce ko ba a gayyace ka ba?"

"Ai ba a san wannan zai taso ba. Ki duba, layi na biyar. Ni da ke za mu je, Ibtissam ta wakilce mu wajen yarinyar."

"Ni na riga na ce mata zan zo."

"Ke da ba ki son kiɗan?"

"Yo kiɗan zan je gani? Yarinya ba uwa ba uba a gari, ta tashi gaban mutane, ta duba ta rasa fuskar da ta sani?"

Ibtissam, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta ɗago daga littafinta ta ce da Turanci, "Baba, ka yi alkawari fa."

Ya ce mata a gidansu ba a sa baki in manya na magana, kuma in za a sa, a sa da Hausa. Ta maimaita masa da Hausa.

Kuskurensa na biyu shi ne tafiya da ambulan ɗin shagon Alhaji Salifou ranar Juma'a. Ya ce wa kansa mantawa ya yi da shi a aljihu. Ko zama bai gama yi ba tikitin suna zagaya hannaye. Da aka tambayi wa zai raka shi, ya ce Madam tana da wani uzuri, sai Younoussa ya ajiye kofinsa.

"Bon, shi ke nan. Ni zan raka ka. In ga sauron nan da idona, kai kuma ka riƙa yi mini fassara."

Kowa ya ce wallahi haka ya kamata. Zabeirou ya yi murmushin yaƙe.

Ran Asabar ya tashi aiki da wuri. Ya ciro kwat ɗinsa baƙa wadda rabonsa da ita tun ranar da ya je ofishin shige da fice, ya ɗaura karabat, wato laktaye, a wuya bayan ya kwance sau huɗu. Tchima tana gaban madubi tana ɗaurin kallabi, ta sa shaddarta ta bikin suna. Yana fita ya hangi Angelina tana saka celonta a motar ƙawarta, ta ɗago masa hannu ta ce sai sun haɗu can. Shi ma ya ɗaga mata hannu, ya shige mota da sauri.

Ya ɗauki Younoussa, wanda ya sha babbar riga ruwan toka da hula, suka bi Elm Street suka ajiye mota a gidan ajiye motoci. A ƙofar ɗakin taron, Turawa tsofaffi suka yi ta yaba rigar Younoussa, wata har ta nemi izinin taɓa aikin wuyan. Kwat ɗin Zabeirou ba wanda ya kalle ta. Wani dattijo ma ya miƙo masa tikitinsa, ya ɗauka ma'aikacin wurin ne.

Ciki kuwa abin ya fi ƙaryarsa kyau. Ya ɗaga kai ya ga rufin, ya ga har fitilun da ya ƙirƙira a shago suna nan da gaske. Ya yi ƙoƙarin kada bakinsa ya buɗe.

"Kamar na Pari?" in ji Younoussa.

"Ƙarami ne," in ji shi.

Makaɗan suna zaune a kan dandamali, duk cikin baƙaƙen kaya. Wata mata mai goge ta miƙe, wani ya busa sarewa dogon sauti ɗaya, sai duk suka ɗauka, kowa na jan nasa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Younoussa ya matso.

"An fara?"

Zabeirou ya lumshe ido ya gyaɗa kai. "Shimfiɗa ce. Saurara da kyau, yana nuna maka rikicin duniya ne kafin a samu natsuwa."

"To me ya sa wancan mai kakakin yake hira da na kusa da shi?"

Kafin ya samo amsa, wata tsohuwa mai farin gashi da ke zaune a damansa ta ce wa mijinta, da ƙarfi irin na wadda kunnen mijinta ya yi nauyi, ya bari ya gama cire kwat ɗinsa, ai gyaran tsirkiya kawai suke yi. Younoussa yana jin Turanci sarai. Sai ya buɗe ɗan littafin da aka ba su a ƙofa ya rufe fuskarsa da shi, kafaɗunsa na rawa.

Shugaban makaɗan ya fito da 'yar sandarsa, aka tafa, aka yi tsit. Ya ɗaga hannu. Abin da ya biyo baya Zabeirou bai taɓa jin irinsa ba. A rediyo kiɗan daga gaban mota yake fitowa, nan kuwa ta ƙarƙashin kujera ya taso, ya bi ƙafafunsa ya zauna a ƙirji. Goge sun fi talatin suna tafiya tare kamar hannu ɗaya ke jan su. Ya manta da Younoussa, ya manta da tsohuwar, ya manta da gyaɗa kai. Kiɗan ya yi ta hawa, ganguna suka shigo, kakaki suka amsa, sannan komai ya tsaya cak.

Zabeirou ya miƙe tsaye yana tafi da iya ƙarfinsa, ya ɗaga murya ya ce, "Bravo!" kamar yadda yake ji ana yi a rediyo.

Tafi uku ya yi, na huɗun ya mutu a hannunsa. Mutum sama da dubu a ɗakin, ba wanda ya motsa. Shugaban makaɗan ya ɗan karkato kai, bai juyo gaba ɗaya ba. Can baya wani ya yi tari. Younoussa ya kamo gefen kwat ɗinsa ya jawo shi ƙasa. Tsohuwar ta dafa hannunsa, ta nuna masa a littafin da yatsa: kiɗan kashi huɗu ne, na farko aka gama, ba a tafi sai an kai ƙarshe.

"Ba komai," ta raɗa masa. "Zuwanka na farko ne?"

Ya ce, "E."

Kashi na biyu mai sanyi ne. Can tsakiya sauran makaɗan suka yi ƙasa-ƙasa, wani mai celo guda ɗaya ya ɗauki kiɗan shi kaɗai. Zabeirou ya duba agogo, bakwai da minti talatin da biyar. Yanzu haka can makaranta Angelina ta fito, ta zauna, ta ɗaga kai ta dubi kujeru. Daga nan bai ƙara jin komai ba. Mutum sittin suna ta aiki a gabansa, shi kuwa sai lissafi yake: da shi da babu shi a nan duk ɗaya ne, in ma da bambanci, da ba ya nan da an fi samun natsuwa. Da aka zo ƙarshe na gaskiya kowa ya tashi yana tafi, shi ya ƙi tashi sai da ya tabbatar tsohuwar ta tashi.

Aka ba da hutun minti ashirin. Magariba ta yi, suka koma wurin mota, Zabeirou ya ciro dardumai biyu da gorar ruwa daga but, suka yi salla a gefen taya. Da suka sallame bai tashi ba.

"Younoussa."

"Na'am, Mayestiro."

"Ban taɓa shiga konser a Pari ba. Ko garin ban shiga ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Jirgi ɗaya kuka shigo da Alassane, abokin shan shayinmu. Ya ce ko bayan gida ba ka je ba, don kada ka bar jakarka. Kowa a shago ya sani, har Alhaji."

Zabeirou ya dube shi baki sake. "Shekara uku? Ba wanda ya ce mini komai?"

"To wa zai riƙa ba mu nishaɗi ranar Juma'a? Ranar da ka ƙara fitilun nan, Alhaji sai da ya shiga bayan kanta ya yi dariya." Ya naɗe dardumarsa. "Amma wallahi kiɗan da daɗi. Na janye maganar sauro. Tashi mu koma kada a fara."

Sai Zabeirou ya ba shi labarin Angelina, da alkawarin, da shaddar Tchima. Younoussa ya cire hula ya sosa kai.

"Kai, amma ba ka da kirki. Kuma ka sa ni cikin laifin. Ta da mota."

Daga tsakiyar gari zuwa jami'ar bai fi minti biyar ba, kuma Zabeirou yakan yi alfahari ba lungun da bai sani ba a Greensboro. Ashe sanin nasa a bakin titi ya tsaya, inda yake sauke ɗalibai. Takardar gayyatar tana hannun Tchima. Suka zagaya gine-ginen jan bulo masu kama da juna har sau uku, suka shiga wani da suka ji sauti na fitowa, suka tarar ana wasan ƙwallon kwando. Younoussa, da babbar rigarsa, ya tare wasu 'yan mata biyu masu keke ya tambaye su. Wurin ajiye mota kuma babu, a ƙarshe suka bar ta can nesa suka taho da gudu-gudu, karabat ɗin Zabeirou na kaɗawa a kafaɗa.

A ƙofar ƙaramin ɗakin wata ɗaliba tana zaune. Ta sa yatsa a baki, ta ce an shiga kiɗa na ƙarshe, ba a buɗe ƙofa sai an gama. Zabeirou ya fara yi mata bayanin shi maƙwabci ne, kusan uba, ta yi murmushi ta girgiza kai. Suka tsaya a jikin ƙofar suna haki.

Sautin na fitowa sarai. Ba fiyano, ba kowa, celo ne kaɗai. Da numfashinsa ya daidaita, Zabeirou ya gane ya san kiɗan nan. Bai san sunansa ba, bai san wanda ya tsara shi ba, amma ya san inda zai hau da inda zai sauka kamar yadda ya san hanyar gidansa. Ya kuma tuna akwai wani wuri gaba kaɗan, inda yatsu ke gudu zuwa sama, da yarinyar kan yi tuntuɓe kullum, ta tsaya, ta koma baya ta sake. Wata rana ya ƙirga ta sake shi sau goma sha tara.

Ya damƙi hannun Younoussa. "Ga wurin nan zuwa."

"Wane wuri?"

"Yi shiru. Ya Allah, ka fid da ita."

Ta shiga wurin, ta haye, ta fita ta ɗaya gefen ba ko gargada. Zabeirou ya saki numfashi, ya ji idonsa ya kawo ruwa. Younoussa ya ƙwace hannunsa yana murzawa.

Da kiɗan ya tsaya Zabeirou ya sa hannayensa duka biyu a aljihu, don ko kusa bai yarda da su ba. Sai da ya ji tafi daga ciki, ɗalibar ta buɗe ƙofa, sannan suka shiga. Ɗakin zai ci mutum ɗari, waɗanda ke ciki ba su kai ashirin ba: malamai uku da takardu a cinya, ɗalibai kaɗan, sai layin gaba da ya cika da kallabi. Tchima ba ita kaɗai ta zo ba, ta kwaso ƙawarta Hindou da wasu mata uku na unguwa, duk cikin kwalliya. Angelina ta tashi ta sunkuya, sai Tchima ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Hindou ta karɓa. Malaman suka waiwayo a firgice, sannan ɗayansu ya fashe da dariya ya ƙara ƙarfin tafi. Angelina ta rufe baki da hannu, tana dariya tana hawaye.

A farfajiya matan suka buɗe kuloli, ashe har da cincin da lemon zoɓo suka zo. Tchima ta dubi mijinta tun daga takalmi har karabat ɗin da ya koma gefen kunne.

"Malam, an taso?"

"An taso."

"Da wuri haka?"

Younoussa ya buɗe baki, Zabeirou ya taka masa ƙafa.

Angelina ta zo ta rungume Tchima, sannan ta juyo gare shi ta ce ta gode da ya zo, ta san shi ne zai fi kowa gane abin da ta yi. Ta tambaye shi yadda ya ji kiɗan farko, don ita tana ganin ta yi sauri a cikinsa.

Amsar tana bakinsa, a shirye, har da gyaɗa kan. Ya ga Ibtissam tana kallonsa, ya ga Younoussa yana tauna cincin yana jira. Ya ce mata bai ji na farko ba, bai ji na biyu ba, na ƙarshen ma daga bayan ƙofa ya ji shi, domin ya tafi wani wurin da ya ɗauka ya fi nan girma. Ya ce ta yafe masa. Sannan ya ce amma wurin nan mai wuya, inda take tsayawa kullum, ya ji ta wuce shi.

Ta zaro ido. "Kana jin wannan daga gidanku?"

"Duk unguwa na ji," in ji Tchima, bayan Ibtissam ta fassara mata.

Angelina ta ce shekara biyu malaminta yana fama da ita a kan wurin nan, ba ta san akwai wani mai fama tare da su ba. Ta miƙa wa Zabeirou celon a cikin akwatinsa ta ce tunda ya makara, shi zai ɗauka har mota. Ya saɓa shi a baya. Bai taɓa zaton abin yana da nauyi haka ba, ga motar can ƙarshen duniya, matan kuma suna biye da shi a baya Younoussa na ba su labarin tafin, yana yi yana kwaikwayo.

Ran Talata ya je Sedgefield kamar kullum. Mista Whitlow ya shiga mota da ƙyar, ya jingine sandarsa, ya tambaye shi yaya ya ga rabi na biyu, don an ce shi ne ya fi kyau. Zabeirou ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya gaya masa komai, bai rage ko tafin ba. Ya yi tsammanin tsohon zai ji haushin an ɓata masa tikiti.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana zama a kujerar nan, marigayiya matarsa ce mai son abin, shi rakiya yake yi. Bayan rasuwarta ya ci gaba da zuwa ne don bai san yadda ake dainawa ba. Ya ce in an dawo sabon zango cikin kaka, ƙafarsa ta warke, sai su riƙa zuwa tare.

Zabeirou ya ce ya yarda, da sharaɗin zai riƙa nuna masa daidai inda ake tafi.

"Ni ma ban sani ba," in ji tsohon. "Tafin ne yake tashe ni daga barci. Bi ta hannun hagu, an rufe hanyar can ana gyara."